Kano zuwa Jidda awa bakwai da rabi, dawowa ƙasa da awa huɗu: ina sauran suka shiga?

Dan_Fagge:
Assalamu alaikum jama'a. Masana su taimaka su raba mana gardama. Tikitin Umara ne a gabanmu, ga abin da ke rubuce: tashi daga Kano 11:00 na dare, sauka Jidda 6:30 na safe, awa bakwai da rabi kenan. Dawowa kuwa tashi daga Jidda 2:00 na rana, sauka Kano 5:45 na yamma, awa uku da minti 45. Hanya ɗaya, kamfani ɗaya. Wasu sun ce juyawar duniya ce take kawo Kano kusa idan jirgi ya nufo yamma. Gaskiya ne? Kuma kilomita nawa ne tsakani?

Malam_Lissafi:
Wa alaikumus salam. Alhaji, agogo biyu ne a kan tikitin nan. Lokacin tashi da agogon garin da aka tashi ake rubuta shi, na sauka kuma da agogon garin da aka sauka. Saudiyya tana gaban Najeriya da awa biyu. Don haka 6:30 na Jidda, 4:30 ne a Kano, tafiyar awa biyar da rabi ce. A dawowa, 2:00 na Jidda 12:00 ne a Kano, zuwa 5:45 awa biyar da minti 45. Bambancin gaskiya minti 15 ne kacal.

Ga dabara ga wanda bai san tazarar agogon ƙasashen ba: haɗa na zuwa da na dawowa yadda suke a tikiti, ka raba biyu. Awa 7 da minti 30 a haɗa da awa 3 da minti 45, ya ba da awa 11 da minti 15. Rabinsa awa 5 da minti 37 da ɗoriya. Tazarar agogon tana cinye kanta, domin abin da aka ƙara a zuwa shi aka rage a dawowa.

Bakatsine77:
Na yarda da batun agogo. Amma minti 15 ɗin fa? Ai nan juyawar duniya ta shigo, ko?

Injiniya_Gusau:
A'a ɗan'uwa, cire wannan daga lissafi gaba ɗaya. Duniya tana juyawa daga yamma zuwa gabas, kuma a daidai Kano saurinta ya haura kilomita 1,600 a awa. Jirgin fasinja bai wuce 850 zuwa 900. Da ƙasa tana zamewa a ƙarƙashin jirgi yadda ake zato, da wanda ya nufi gabas ba zai taɓa isa Jidda ba, garin zai riƙa guje masa. Iskar da jirgi yake shawagi a cikinta tare da ƙasa take juyawa, shi ma jirgin da wannan saurin ya bar titi. Kuma lura, a tikitin nan dawowa yamma ce ta fi tsawo, akasin abin da masu wancan zancen suke faɗa.

Inda juyawar duniya take da hannu shi ne wajen karkata iskokin sama, wannan kuma a kaikaice ne.

Tsohon_Hasumiya:
Bari in amsa tambaya ta biyu, ta nisa. A miƙe, daga filin Malam Aminu Kano zuwa filin Sarki Abdul'aziz na Jidda kimanin kilomita 3,400 ne. Zuwa Madina kimanin 3,550. Ma'aikatan jirgi da mil na teku suke awo, kowane ɗaya kilomita 1.852, don haka a takardunsu Kano zuwa Jidda wajen 1,850 za ka gani. Kada wani ya ga wannan adadi a allon bayan kujera ya ɗauka kilomita ne.

Yadda ake ƙiyasta lokaci: raba nisa da 850, sannan ka ƙara minti 30 zuwa 40. Ƙarin na hawa ne da sauka. 3,400 a raba da 850 awa huɗu, da ƙari ya zama huɗu da rabi. To ga tikitin Alhaji ya ce biyar da rabi. Wannan awa guda ita ce ya kamata a tambaya, ba minti 15 ba.

Ummu_Khalil:
To Baba, ina awa gudar ta tafi?

Tsohon_Hasumiya:
Wuri biyu, 'yata. Na farko, lokacin da ke tikiti ba na shawagi ba ne kaɗai. Yana farawa daga sa'ar da jirgi ya motsa daga inda ya tsaya, har ya tsaya cak a wancan filin. Turawa baya, kunna injina, bin layi zuwa bakin titi, duk a ciki suke. Kamfanoni kuma suna ƙara 'yan mintuna da gangan don kada a riƙa lissafa su cikin masu latti.

Na biyu shi ne babba: Sudan. Miƙaƙƙiyar hanya daga Kano ta kan Chadi take bi, ta ratsa Sudan daga yamma zuwa gabas, ta haye Bahar Maliya. Da yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023 aka rufe sararin samaniyar ƙasar, dole jirage suka riƙa zagaye. Duk kilomita 850 da aka ƙara a zagaye, awa guda ce.

Sarkin_Yawo_Zariya:
Shi ya sa a aikin hajjin 2023 kamfanonin jigilar alhazai suka nemi ƙarin kuɗi a kan kowace kujera. Mutane da yawa sun ɗauka son kuɗi ne kawai, alhali akwai lissafi a ciki. Jirgi irin A330 yana ƙona tan biyar zuwa shida na mai a awa guda. Kuma jigilar alhazai zuwa ake yi cike a dawo kusan wayam, don haka fasinjan zuwa ne yake biyan zagayen sau biyu. Ga kuɗin ratsa sararin kowace ƙasa da aka bi, wanda ake lissafawa da nauyin jirgi da nisan da ya ci a ciki. Ko an yi adalci wajen adadin da aka nema, wannan wata magana ce, amma tushen ƙarin gaskiya ne.

Malama_Damagaram:
Irin haka ta faru da Nijar. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, an rufe sararin ƙasar ranar 6 ga Agusta, sai farkon Satumba aka buɗe wa jiragen kasuwa. Yawancin jiragen da ke tashi daga Abuja ko Legas zuwa Turai ta kan Nijar da Aljeriya suke bi. A lokacin Sudan a rufe take, Libiya kuma yawancin kamfanoni suna ƙaurace mata, sai ya zama an gitta katanga a tsakiyar Afirka, jirage suna ratsewa yamma kafin su miƙe arewa. Abuja zuwa Landan kimanin kilomita 4,770 ne, awa shida da 'yan kai in hanya a buɗe take.

Bakatsine77:
Madalla. Amma har yanzu ba a ba ni minti 15 ɗina ba.

Matuki_Jos:
Iska ce. A tsayin da jirage suke tafiya, kilomita 9 zuwa 12 daga ƙasa, akwai wani zirin iska mai ƙarfi da ke kaɗawa daga yamma zuwa gabas kamar kogi. Saurinsa yakan kai kilomita 150 zuwa 300 a awa, ya fi tsanani lokacin sanyi. Jirgi yana da sauri iri biyu: saurinsa cikin iska, da saurinsa a kan ƙasa. In yana yin 880 cikin iska, iska ta biyo bayansa da 150, a kan ƙasa 1,030 yake ci. In ta fuskance shi, 730. Injin bai canja komai ba.

Inda abin ya fi fitowa fili shi ne tsakanin Landan da Niyok, kimanin kilomita 5,550. Zuwa Niyok awa bakwai da rabi zuwa takwas, dawowa Landan wajen bakwai ko ƙasa da haka. A Fabrairun 2020, lokacin wata guguwa mai ƙarfi, Boeing 747 na British Airways ya yi Niyok zuwa Landan cikin awa 4 da minti 56. Saboda haka ƙa'ida: gabas sauri, yamma jinkiri.

Injiniya_Gusau:
Kyaftin, ƙa'idar nan ta ƙarshe tana buƙatar gyara kafin a kai ta kasuwa. Zirin da ka ambata na ƙasashen da ke nesa da tsakiyar duniya ne. Akwai wani reshensa da yake saukowa kan arewacin Afirka da yankin Larabawa lokacin hunturu, shi ne zai iya taɓa ƙarshen hanyar Jidda. Amma a damina, daga Yuni zuwa Satumba, iskar sama a kan yankinmu yawanci daga gabas take busowa. A wannan lokacin mai dawowa daga Jidda ne iska take turawa. Don haka a hanyar Kano da Jidda abin ya danganta da watan da aka yi tafiyar.

Matuki_Jos:
Na karɓi gyara, haka ne. Ƙa'idar ta fi ƙarfi a arewacin Atlantika da arewacin Fasifik. A hanyoyin kudu da arewa ma, irin Legas da Landan, iskar daga gefe take dukan jirgi, bambancin zuwa da dawowa bai taka kara ya karya ba.

Hajiya_Mai_Atamfa:
Ku yi haƙuri in karkatar da ku kaɗan, tunda masana sun hallara. Masu zuwa Gwanzu ta ƙasar Sin sayen kaya kullum suna gardama a kan wace hanya ce ta fi kusa: Adis Ababa, Alƙahira ko Doha. Me awo ya nuna?

Tsohon_Hasumiya:
Hajiya, a miƙe Kano zuwa Gwanzu kimanin kilomita 10,900 ne. Ta Adis Ababa: 3,300 a haɗa da 8,050, wajen 11,350. Ta Alƙahira: 3,100 da 8,000, wajen 11,100. Ta Doha: 4,750 da 6,200, wajen 10,950, kusan a kan miƙaƙƙen layin garin yake. Tsakanin mafi kusa da mafi nisa kilomita 400 ne, rabin awa. Duk wadda aka bi, zaman cikin jirgi wajen awa 14 zuwa 15 ne.

Abin da yake raba su da gaske shi ne zaman jiran jirgi na biyu. Wani tikitin jiran awa biyu ne, wani awa goma sha ɗaya. Wannan shi za a duba, ba taswira ba. Sin tana gaban Najeriya da awa bakwai, kuma ƙasar duk faɗinta agogo ɗaya take bi.

Hajiya_Mai_Atamfa:
Doha ta fi Adis kusa? A taswira ai kamar hawa arewa aka yi sannan a sauko.

Malam_Lissafi:
Taswirar bango ce take ruɗi, Hajiya. Duniya dunƙulalliya ce, aka shimfiɗe ta a takarda, dole wani wuri ya miƙe fiye da ƙima. Ki samu lemo ko ƙwallon yara, ki ɗiga alama biyu da biro nesa da juna, dukansu sama da tsakiya. Ki ɗora zare a kan ɗigo ɗaya, ki ja shi ya ɗame zuwa ɗayan. Za ki ga zaren bai bi ta kwance ba, ya ɗan haura wajen saman lemon sannan ya gangaro. Wannan ita ce gajeriyar hanya. In aka zana ta a shimfiɗaɗɗiyar taswira sai ta fito a lanƙwashe kamar baka, mai kallo ya ɗauka zagaye ake yi.

Shi ya sa jirgin Landan zuwa gaɓar yammacin Amurka yake bi ta kan Girinlan da arewacin Kanada. Kuma shi ya sa rufe sararin Rasha ga jiragen Turai a 2022 ya yi musu ciwo: Helsinki zuwa Tokiyo da yake wajen awa tara da rabi ya koma wajen goma sha uku.

Dan_Zango_Kumasi:
Akwai kurakurai uku da suke sa mutane rasa jirgi, duk daga karatun tikiti suke. Na farko, jirgin da aka rubuta 00:40 ranar Talata. Wannan daren Litinin ne za a je filin jirgi, domin da an wuce sha biyun dare Talata ta shiga. Mai zuwa daren Talata ya makara da kwana guda cur. Na biyu, alamar +1 kusa da lokacin sauka, ma'anarta washegari. Wanda zai taro ka dole ya san haka. Na uku, Ingila tana sauya agogo: daga Lahadin ƙarshe ta Maris zuwa Lahadin ƙarshe ta Oktoba agogonta ɗaya da na Najeriya da Nijar, sauran watannin tana baya da awa guda. Gana kuwa kullum tana bayan Najeriya da awa ɗaya, don haka tazararta da Saudiyya awa uku ce.

Sannan in tikiti biyu ne daban daga kamfanoni biyu, kada a bar ƙasa da awa huɗu tsakani. Sai an karɓi kaya an sake aunawa, wani lokaci ma sai da bizar ƙasar. In na farko ya yi latti, na biyu ba ruwansa.

Ummu_Khalil:
Tambaya: Kano zuwa Abuja bai kai kilomita 400 ba. Da lissafin 850 ai bai kai rabin awa ba, me ya sa ake rubuta awa guda?

Matuki_Jos:
Saboda a gajeriyar hanya jirgi ba ya samun damar sakin jiki. Nisan kimanin kilomita 365 ne. Ƙasa da ƙafa 10,000 an saba taƙaita gudu a kan kimanin kilomita 460 a awa. Sauka kuma tana da nata lissafin: kowace ƙafa 1,000 ta tsayi tana cin mil uku na teku. Jirgin da ke ƙafa 37,000 yana fara gangarowa tun yana nesa da mil 111, fiye da kilomita 200 kenan. A hanyar Abuja ba a ma hawa can, ana gama hawa ba da jimawa ba sai a fara sauka. Shawagin kansa minti 40 zuwa 45 ne, saura na ƙasa ne. Kano zuwa Legas kimanin 830, ya ninka na Abuja fiye da sau biyu, amma awa ɗaya da minti 20 zuwa rabi ne.

Sarkin_Yawo_Zariya:
A ƙara da hazo. Daga Disamba zuwa Fabrairu, in ƙura ta sauka a Kano ko Maiduguri ko Sakkwato, nisan gani yakan faɗi ƙasa da abin da doka ta yarda a sauka da shi. Jirgi ya yi ta kewaya a sama yana jira, ko ya juya zuwa wani fili. Shi ya sa ba a zuba mai daidai tafiya: akwai na hanya, akwai ƙarin kimanin kashi 5 cikin 100 don ko-ta-kwana, akwai na zuwa filin da aka ware a madadin, sannan na minti 30 na ƙarshe wanda ba a son a taɓa shi sam. Mai haɗa jirgin waje a Abuja ko Legas cikin hunturu ya fi masa ya kwana can.

Injiniya_Gusau:
Wani abin da nisa ba ya nunawa shi ne tudun fili da zafi. Filin Bole na Adis Ababa yana sama da mita 2,300 daga teku. Iskar can ba ta da kauri, injin ba ya ba da cikakken ƙarfi, fiffike ba ya ɗaga nauyi yadda zai ɗaga a Legas. Jirgi ba zai iya tashi da cikakken mai da cikakken kaya ba. Shi ya sa jiragen Ethiopian masu zuwa Washintan suke yada zango a Turai su sha mai, amma a dawowa su zo kai tsaye. Nisa ɗaya, lokaci daban.

Jirage masu injin biyu kuma suna da sharaɗin da ake kira ETOPS: kada su yi nisa da filin da za su iya sauka fiye da wasu mintuna idan injin ɗaya ya mutu. Asali minti 60 ne, aka kai 120, 180, sababbi irin A350 har 370. Jirgin da izininsa kaɗan ne dole ya raɓi gaɓa maimakon ya yanke teku.

Almajirin_Malam:
Allah ya saka. Akwai ɓangaren ibada da wannan lissafi ya shafa. Mai tafiya gabas ranarsa gajarta take yi, mai zuwa yamma tsawo. A tikitin Alhaji, wanda ya bar Jidda 2:00 na rana yana azumi, in da can ya zauna saura masa wajen awa huɗu zuwa biyar ya sha ruwa. Amma zai yi awa biyar da minti 45 a sama, ya sauka Kano rana ba ta faɗi ba. Abin da malamai suke faɗa shi ne a bi faɗuwar rana a inda mutum yake, ba agogon garin da ya baro ba. Kuma daga tsayin kilomita 11 ana ci gaba da ganin rana fiye da minti goma bayan ta ɓace wa na ƙasa. Mai Umara da zai sauka Jidda kuma ya shirya haraminsa tun kafin a fara gangarowa, domin jirgi yana cin kilomita 14 a minti ɗaya, ba a tsayawa a miƙati a jira kowa.

Malama_Damagaram:
A tuna cewa wannan hanyar ta Chadi da Sudan ita ce kakanni suka bi a ƙasa, watanni ko shekaru, har Sawakin a gaɓar Bahar Maliya su hau jirgin ruwa, su ne ma asalin Hausawan Sudan da yawa. Jiragen farko da suka sauka Kano a 1925 ma daga Masar suka taso, ta Sudan suka biyo, zango bayan zango, kwanaki suka yi a hanya.

Bakatsine77:
To wace ce tafiya mafi tsawo yanzu ba tare da sauka ba?

Matuki_Jos:
Singafo zuwa Niyok, sama da kilomita 15,300, awa 18 zuwa 19 a A350 da aka ƙara wa wurin mai. Daga nan gida kuwa, Legas zuwa Atlanta wajen 9,400 ne, awa 12 zuwa 13. Saurin jiragen fasinja bai ƙaru ba tun shekarun 1960, nisan da suke iya ci ne ya ƙaru. Jirgin Concorde mai gudun da ya wuce na sauti yana haye Atlantika cikin awa uku da rabi, amma an ajiye shi a 2003.

Dan_Fagge:
Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara sani. Na kai musu batun agogo sun gamsu. Yanzu kuma cewa suke in ba daga Kano aka tashi ba fa?

Tsohon_Hasumiya:
A miƙe zuwa Jidda: Maiduguri wajen kilomita 3,000, Sakkwato 3,700, Yamai 4,000, Akara 4,600. A raba da 850, a ƙara rabin awa, sannan a ƙara zagayen Sudan in ana yinsa. Game da minti 15 na Bakatsine kuwa, ban gamsu iska ce kaɗai ba. Filin Jidda babba ne, titi uku gare shi, lokacin Umara layin tashi yana da tsawo. Kamfani zai iya ƙara kwata a jadawalin dawowa saboda wannan kawai.

Matuki_Jos:
Yana yiwuwa, Baba. Alhaji, duba mana watan da ke kan tikitin. In Janairu ne ina nan a kan iska, in Agusta ne na bar wa Baba. In kuma da hali, a nemo lokacin da taya ta bar ƙasa da lokacin da ta taɓa ƙasa a tafiyar biyu, a ajiye na jadawali gefe.